Amsa ga Yaya kan yaron Ostireliya da ya mutu a Gallipoli

Assalamu alaikum 'yan gida. Yaya, na ji muryarka, na kuma ga hoton da ka turo na yaron nan mai kakin soja. Ka tambaya wai da gaske ne ɗan shekara 14 ya je yaƙi ya mutu, sannan a ƙarshe ka ce wace irin uwa ce za ta saki ɗanta haka. To ni na san ba tambayar farko ce ta dame ka ba, ta biyun ce, don haka a kanta zan tsaya. Amma bari in fara ba ka labarin yadda yake, don na ga wasu a ƙasa har sun rubuta wai Turkawa ne suka harbe shi. Ba wanda ya harbe shi. Ko ƙwarzanen harsashi ba shi ya kai shi ba.

Sunansa James Martin, a gida Jim ake ce masa. An haife shi ranar 3 ga Janairu 1901 a wani ɗan gari da ake kira Tocumwal, daga baya iyayen suka koma wajen Melbon. Shi kaɗai ne namiji, sauran biyar duk mata. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, uban ya je shiga soja aka ƙi ɗaukarsa. Sai yaron ya ce to shi zai je. A lokacin doka ta ce sai ka kai 18, kuma in ba ka cika 21 ba sai da sa hannun iyaye. Shi kuwa yana da 14 da wata uku, amma jikinsa ya girmi shekarunsa, ga aikin gona ya murɗe shi. A watan Afrilu 1915 ya je ya ce shekarunsa 18, aka rubuta, aka ɗauke shi farabiti, daga baya ya faɗa Bataliya ta 21 ta sojojin ƙasa.

To Yaya, ga inda nake so ka saurara da kyau. Uwar, Amelia, ta ƙi. Ta ƙi fa. Sai ya ce mata in ba ta yarda ba zai gudu, ya je wani gari ya shiga da sunan ƙarya, kuma ba zai taɓa rubuto mata wasiƙa ba. Kai ka haifa, ka faɗa mini, me za ta yi? Ɗaure shi za ta yi a turke? Zaɓi biyu ne a gabanta, ko ya tafi ta san inda yake, ko ya tafi ba ta san ko sunan da za ta nema ba in an fito da jerin matattu. Ta zaɓi wanda aƙalla za ta riƙa jin ɗuriyarsa. Ni ban ga sakaci a nan ba. In laifi kake nema, ka nemi manyan mazan da ke zaune a teburin ɗaukar kurata, suna kallon fuskar yaro ko gashin baki babu, suka kau da kai. Kuma ba shi kaɗai ba ne, yara da yawa sun yi ƙaryar shekaru, shi dai ne mafi ƙanƙanta da aka sani cikin 'yan Ostireliya da suka mutu a yaƙin.

A ƙarshen Yuni suka tashi daga Melbon a jirgin ruwa, aka kai su Masar suka yi horo, daga nan sai Gallipoli, wani zirin ƙasa a Turkiyya. Can ne Ingila da Faransa da 'yan Ostireliya da Niyuzilan suka sauka ranar 25 ga Afrilu 1915 don su buɗe hanyar ruwa zuwa Santambul, su karya Daular Usmaniyya. Ta Turkawa fa, ba tamu ta Shehu ba, kada wani ya ruɗe. A hanya, ranar 2 ga Satumba, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbi jirginsu, Southland sunansa, ya nutse... a'a, astagfirullah, bai nutse ba, an samu an ja shi zuwa gaɓa. Amma mutane sun faɗa ruwa, wasu sun mutu, shi kuma Jim ya yi kusan awa huɗu a cikin teku kafin a tsamo shi. Bayan kwana kaɗan aka sauke shi a bakin daga.

Yanzu ga abin da ya sa labarin nan ya zauna mini a rai. Kun san aikin jinya na yi har na ajiye. Wurin nan tuddai ne da kwazazzabai, mutum dubbai a cushe cikin ramuka, ruwan sha sai an kawo a jirgi a raba da awo. Gawarwaki tsakanin ramukan ɓangarorin biyu ba a iya kwashewa. Shaddar a buɗe. Ƙudaje kuwa, in ka buɗe gwangwanin nama kafin ka kai baki sun rufe shi. Daga kan gawa zuwa shadda, daga shadda zuwa kan biskit ɗinka. Me kake jira? Atini da gudawa da taifot. Taifot ɗin ne ya kama shi. Ya rame ya ƙare, amma yana rubuta wa gida cewa kada su damu, lafiyarsa lau. Abin da ya yi kuka da shi a wasiƙa shi ne kowa na samun saƙon gida, shi ko ɗaya bai iso masa ba. Ka duba fa Yaya, uwar da ta yarda don kawai wasiƙa ta riƙa shiga tsakaninsu.

Ranar 25 ga Oktoba 1915 aka ɗauke shi zuwa jirgin ruwan asibiti, Glenart Castle. Bai yi awa biyu a ciki ba zuciya ta tsaya. Shekara 14 da wata tara. A teku aka jefa gawarsa, ba shi da kabari, sunansa dai na jikin bangon tunawa na Lone Pine a can Gallipoli.

Wannan "bai yi awa biyu ba" ɗin, ni na san ma'anarsa. Taifot ba ya kashe mutum a awa biyu. Makonni yake yi yana cin hanji a hankali, zazzaɓi na hawa kullum, har hanjin ya iya hujewa. Wanda ya mutu da isowarsa asibiti, tuni ya daɗe yana mutuwa a inda yake. Kuma ku duka kun san abin da ya faru da autanmu, Allah Ya jiƙansa da rahama. Kwana goma sha ɗaya muna zarya wani ɗan asibiti, kullum maleriya, kullum allurar maleriya. Na ce a duba cikin yaron nan, ya kumbura, ya yi tauri kamar ƙwarya, aka ce mini in bar masu aiki su yi aikinsu, alhali a lokacin ni ma da farin kaya nake fita. Sai da muka kai shi babban asibiti aka buɗe ciki aka tarar hanji ya huje. Sannan a zaman makoki me na ji da kunnena? Wai Inna ce ta yi jinkiri. Innar da ta sayar da 'yan kunnenta. Har ta bar duniya ba ta daina tambayata ko da ta kai shi da wuri ba. Ba na so in... bari dai, ba wannan ka tambaya ba.

Abin da nake cewa, 'yan Ostireliya sama da 8,000 suka mutu a Gallipoli, Turkawa kuma sun ninka haka sau da yawa suna kare ƙasarsu, su ma da yaransu a ciki. Kuma a watan Disamba, wata biyu bai cika ba da rasuwar yaron nan, aka kwashe sojojin cikin dare aka bar wurin, ba a ci Santambul ba, ba a buɗe hanyar ba.

Au, na manta. Babbar nas ɗin jirgin ta zauna ta rubuta wa uwar wasiƙa da hannunta, ta gaya mata yadda ya cika. Aka kuma mayar mata da 'yan kayansa. A ciki har da wani ɗan zirin takarda ja da fari, irin wanda ake jefa wa matafiya daga bakin tasha su riƙe gefe ɗaya, 'yan gida su riƙe ɗaya, har jirgi ya ja ya tsinke. Tun daga Melbon yake ajiye da shi. Don Allah Yaya, ka goge waccan maganar da ka yi a kan matar nan. Wassalam.