Katin Fata na Amurka: Kada Ka Shafa Masa Mai

Ɗana, ka tambaye ni kan katin fatar nan da baƙonmu mai tara kayan tarihi ya kawo. Ka ce ya bushe ya yi tauri, ko ka shafa masa man kaɗanya kamar yadda muke yi wa jaka da kube. Ajiye man nan tukuna, zauna ka ji abin da ke hannunka.

Wannan wasiƙa ce. A Amurka, daga wajen 1903, an yi yayin aika gaisuwa ta gidan waya a kan fata maimakon takarda. Yawanci fatar barewa ce irin ta can, mai laushi, a yanka ta girman tafin hannu. Zanen da kake gani ƙona shi aka yi da ƙarfe mai zafi, yadda masu ƙwarya suke yi a nan, wani lokaci a ɗan bi shi da launi. Hotunan barkwanci ne da na soyayya. Yayin bai daɗe ba. Fatar tana maƙalewa a injinan gidan waya, har hukuma ta hana, kafin 1910 abin ya soma ja baya.

Juya bayansa. Ka ga kan sarkin nan kore na senti 1, da hoton Benjamin Franklin? Ka ga hatimin da ya hau kansa, da adireshin da aka rubuta da tawada? Su ne darajar katin. Fatar kanta, in don kyau ne, jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa ta fi ta nesa ba kusa ba. To mai yana shiga fata ya yi ta yawo a ciki. Zai baƙanta ta, ya narkar da tawada ta bazu, ya saki ƙaron da ke riƙe da kan sarki. Zanen ƙuna kuwa ruwan ƙasa ne a kan ruwan ƙasa, da fatar ta yi duhu ya ɓace. Kuma in mai ya shiga, babu badukun da zai iya fitar da shi.

Jaka muna shafa mata mai ne don za a lanƙwasa ta kullum. Wannan katin ya haura shekara 100, ba wanda zai sake lanƙwasa shi. Taurinsa ba ciwo ba ne.

Hujojin da ke gefensa ma kada ka ce za ka toshe. Da gangan aka huda su, don mata su tara katunan su ɗinke da siririyar igiyar fata su yi rigar matashi. Ni abin nan yana burge ni ƙwarai, domin dabarar tim-tim ɗinmu ce sak, gutsure-gutsure a haɗa su zama abu guda.

Abin da za ka yi kaɗan ne. Wanke hannu ka bushe, ka share ƙurar da buroshi mai laushi, ka kauce wa wajen kan sarki. Ka shimfiɗa shi tsakanin farar takarda marar rubutu, a akwati, nesa da rana. Kada a liƙe shi da leda a injin zafi. Da damina a riƙa dubawa saboda funfuna, da hunturu kuma a rage taɓa shi, don lokacin ne busasshiyar fata take tsagewa.

Ɗayan katin da baƙon ya kawo, na katako, shi ma haka: ba fenti, ba man ƙyalli. A kwantar da shi kada ya karkace, a kiyaye shi daga gara.

In mai kayan ya dawo da la'asar, ka kira ni. Ina so in tambaye shi ko yana da waɗanda aka riga aka ɗinke, in ga irin ɗinkin da suka yi.