Kun Tambaya: Wai 1-14 da 1-13 ɗin nan na wasan kamogi, wa ya ci?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah na ci karo da wani bidiyo a Facebook, mata ne sanye da hular kwano suna bin ƴar ƙaramar ƙwallo da sanduna, an rubuta fainal ɗin kamogi na 2025, Galway 1-14, Cork 1-13. Ni fa lissafin ya ɗaure min kai, ɗaya da goma sha huɗu kuma? Wace ƙasa ce ma wannan?
Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa. Wasan mutanen Ayaland ne, na mata zalla, na mazan shi ake kira hurling. Lissafin kuma ba wuya in kin gane sirrin ragar. Turakunta dogaye ne kamar harafin H, in ƙwallo ta shiga raga ta ƙasa gol ne, maki uku, in kuma ta wuce ta saman sandar tsakiya maki ɗaya. To lamba ta farko gol-gol ce, ta biyu kuma makin sama. Kin ga kenan gundumar Galway na da 17, gundumar Cork na da 16, da maki ɗaya tal aka ɗauke kofi.

Kuma wallahi wannan fainal ɗin da kika gani ba ƙaramin wasa ba ne, don Cork ce ta ɗauka a 2023 da 2024, ta zo filin Croke Park na birnin Dablin da niyyar yin uku a jere, sai aka ba ƴar wasanta ɗaya jan kati kafin a tafi hutun rabin lokaci, ana buga mutum 15-15 ne su kuma suka koma 14, amma duk da haka suka nace har suka farke dab da tashi, kowa ya zaci kunnen doki za a yi, sai kyaftin ɗin Galway Carrie Dolan ta samu bugun tazara ta ɗaga ƙwallon ta saman sandar tsakiya, maki ɗaya. Shikenan. Ni dai a ganina Cork ta fi ba ni tausayi, amma wanda ya ci shi ya ci.

Kungiyoyin ba kulob ba ne irin na ƙwallon ƙafa da ake sayen ƴan wasa, kowace gunduma ce ke fitar da ƴaƴanta, kuma ba albashi ake biyansu ba, da yawa malaman makaranta ne ko ɗalibai ko ma'aikata, da yamma su tafi atisaye. Tun 1932 ake wannan gasa, kofin sunansa O'Duffy. Ya zuwa 2025, Cork ce kan gaba da kofi 30, Dablin na bin ta da 26 duk da rabonta da shi tun 1984.

TAMBAYA: Malam na ji an ce an yi rigima kan kayan sawa a kakar kamogi ta 2025, gaskiya ne?
Daga wani mai karatu.

AMSA: Ƙwarai kuwa. Doka ta daɗe tana tilasta musu sa wani siket mai gajeren wando a ciki, ƴan wasa suka ce yana takura su. A watan Mayun 2025 ƴan Dablin da Kilkenny suka fito da gajeren wando, alƙalin wasa ya ce ko su canza ko a fasa, dole suka koma suka canza. Cork da Waterford kuma suka ce su fa ba za su sa siket ba, har sai da aka ɗage fainal ɗin yankin Munster. Kafin watan ya ƙare hukumar wasan ta kira taro na musamman, kashi 98 cikin ɗari suka amince kowace ta zaɓi wanda take so.