An cire wa Baba haƙori: wane maganin kurkure baki zan saya?

Tambaya: Mahaifinmu shekararsa 71, yana da ciwon suga da hawan jini. Kwana biyar ke nan da cire masa turmin ƙasa, ramin bai rufe ba. Mai kemis ya nuna min ruwan kurkure baki mai ƙamshin na'ana'a da kuma wani mai kashe ƙwayoyin cuta da ake kira chlorhexidine, ya haɗa min da maganin rage zafi, diclofenac. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya. Rami a kwana biyar ba abin tashin hankali ba ne, 'yar'uwa. Ko a matashi dasashi kan ɗauki mako biyu zuwa uku kafin ya haɗe, ƙashin da ke ƙasa kuma sai ya yi watanni yana cikowa. A jikin dattijo aikin ya fi ɗaukar lokaci: jini ba ya isa wurin kamar da, sabuwar fata tana jinkirin tohowa, suga idan ya hau yana raunana ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Ga kuma bushewar baki, wadda galibi magunguna ke kawowa, irin su na hawan jini masu sa yawan fitsari. Miyau kuwa shi ne ke wanke rauni dare da rana.

Saboda haka ki ajiye mai ƙamshin nan. Yawancinsu akwai sinadarin barasa a ciki, yana ƙara busar da baki, ya yi zafi a kan rauni. Ki ɗauki chlorhexidine mai ƙarfin 0.2%: mililita 10, sau biyu a rana, ya riƙe a baki minti ɗaya ya zubar a hankali. Ya bar tazarar minti 30 tsakaninsa da man goge baki, kuma kada ya wuce mako biyu, don yana rina haƙora su yi duhu. Bayan kowane cin abinci, rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi ya wadatar.

Diclofenac ɗin ne ya fi damun mu. Ga mai suga da hawan jini a wannan shekaru, yana iya taɓa ƙoda, ya tayar da gyambon ciki. Farasitamol ya fi masa sauƙi. Kada kuma a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi.

Ya huta da goro da tsinken sakace da taba. Kunu da koko su huce kafin ya sha, a ƙara masa ƙwai, alale da kifi mai laushi, domin nama ba ya tohowa da kunu zalla. Idan zafin ƙaruwa yake yi har yana harbawa kunne, ga wari, wataƙila gudan jinin da ya toshe ramin ne ya fita, ƙashi ya bayyana. Wannan aikin likitan haƙori ne, a mayar da shi yau.

Tambaya: Yaushe ya kamata a yi wa Hajiyarmu haƙoran roba bayan cirewa?

Amsa: Dasashi yana ta motsewa wata uku zuwa shida. Wanda aka auna da wuri zai yi sako-sako, ya riƙa gogar wurin har ya yi gyambo. A jira, ko a yi na wucin gadi da sanin cewa za a sake gyara shi. Ta riƙa cire shi da dare. Duk gyambon baki da ya kai mako uku bai warke ba, a kai ta asibiti a duba, don sankarar baki kan fara da haka, sau da yawa ba tare da zafi ba.