Kocin ƙwallon kwando a jami'o'in Amurka: da kwaso yara ake auna shi ko da kofi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni da abokina kullum musu muke a kan John Calipari, shi yana cewa babu koci irinsa a ƙwallon kwandon jami'o'in Amurka tunda duk shekara shi ke kwaso zaratan yara, ni kuma na ce shekara 15 a Kentucky kofi ɗaya tak, ina gwanintar take? Don Allah a raba mana gardama.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kowa a cikinku ya riƙe wani ɓangare na gaskiya, amma ni ma'aunin da na yarda da shi shi ne: me aka ba mutum a hannu, me kuma ya mayar da shi.

Ka fara ba abokinka haƙƙinsa. A jami'a koci ba ya sayen ɗan wasa kamar yadda kulob ke yi, shi da mataimakansa ne ke bin gasannin 'yan sakandare, su zauna a falon iyayen yaro su shawo kansu, don haka kwaso yara rabin aikin ne. A nan kam Calipari gwani ne, John Wall a 2010, Anthony Davis a 2012, Karl-Anthony Towns a 2015, duk ukun su aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, na shekararsu, ga Devin Booker ga Shai Gilgeous-Alexander ga Bam Adebayo. Kuma kar ka raina wahalar abin, tun da NBA ta sa dokar cewa sai yaro ya kai shekara 19 kafin a ɗauke shi, yawancin irin waɗannan yaran shekara ɗaya suke yi su wuce, ka ga kenan duk kaka sai ya haɗa sabuwar tawaga da 'yan shekara 18 da ba su taɓa wasa tare ba, a hakan ya kai Kentucky zagayen huɗun ƙarshe har sau huɗu ya ci kofin 2012.

Maganar kofi ɗaya kuma, yi hattara da ita. Gasar watan Maris, wato wadda ake cin kofin jami'o'in a cikinta, sili ɗaya ƙwale ce, dare ɗaya ƙwallo ta ƙi shiga raga shikenan ka tattara ka koma gida. Kentucky ta 2015 wasa 38 ta ci a jere kafin Wisconsin ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe. Virginia ta Tony Bennett ma ta shiga gasar 2018 a sahun farko, jami'ar UMBC da ke can ƙasa ta lallasa ta da tazarar maki 20, mutane suka ce ai bai iya ba, shekara na zagayowa ya ɗaga kofin da akasarin yaran nan dai. Shi ya sa nake fara duba kakar wasa gaba ɗayanta, da alƙaluman Ken Pomeroy da ke lissafa maki nawa ƙungiya ke ci da nawa ake ci mata a duk mallakar ƙwallo 100, tare da la'akari da ƙarfin waɗanda ta kara da su.

Abin da ya fi burge ni dai shi ne rainon ɗan wasa. Dubi Jay Wright a Villanova, Mikal Bridges shekararsa ta farko ko wasa ɗaya bai buga ba, atisaye kawai yake yana ƙara ƙarfin jiki, da ya tashi barin makarantar a 2018 shi ne na 10 a zaɓen NBA, Josh Hart ya yi shekara huɗu cur, kuma kofi biyu Villanova ta ci, 2016 da 2018. Wallahi in ka kalli wasansu na wancan lokacin za ka ga aikin koci da idonka, ƙwallo na yawo hannu zuwa hannu babu mai gaggawar jefawa.

To inda kake da gaskiya shi ne ƙarshen zaman Calipari a Kentucky. Bayan 2015 bai sake kaiwa huɗun ƙarshe ba alhali taurarin ba su daina zuwa ba, Saint Peter's ta cire shi a wasan farko a 2022, Oakland ta maimaita masa a 2024, sannan ya koma Arkansas. Sau ɗaya za a ce tsautsayi, amma da irin yaran da ke hannunsa wannan sakamakon ya yi kaɗan, ni ma ina ɗora masa laifi.

Wani abu da za ku sa a lissafinku yanzu, tun 2021 an ba 'yan wasan jami'a damar samun kuɗi da sunansu, canza makaranta ma ya yi sauƙi, saboda haka in ka ga koci ya kwaso manyan yara sai ka tambayi nawa masu kuɗin makarantar suka zuba kafin ka yaba masa, sannan ka duba ko yaransa na bara sun zauna ko sun watse.