Tambaya da Amsa: Shin Ƙawancen 'Yan Adawa Ya Isa Ya Kafa Dimokuraɗiyya?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina yawan jin ana cewa mai mulkin kama-karya ba ya sauka sai 'yan adawa sun haɗa kai. To, me ya sa wasu ƙasashen ke komawa gidan jiya bayan ƙawancen ya yi nasara? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, maganar da kika ji gaskiya ce, amma ba ta cika ba. A Kenya, Shugaba Daniel arap Moi ya lashe zaɓen 1992 da na 1997 ba tare da ya samu ko rabin ƙuri'un da aka kaɗa ba, domin kowane jagoran adawa ya ƙi janye wa ɗan'uwansa. Sai a 2002 suka zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya a ƙarƙashin ƙawancen jam'iyyun adawa na NARC, suka tsayar da Mwai Kibaki, suka kayar da jam'iyyar Moi, wato KANU, wadda ke mulki tun 1963.

Sai dai abin da ya haɗa su shi ne ƙin KANU, kuma da ta faɗi sai igiyar ta fara kwancewa. Ɓangaren Raila Odinga, ɗaya daga cikin jagororin ƙawancen, ya zargi Kibaki da saɓa yarjejeniyar rabon muƙamai da suka ƙulla kafin zaɓe, ƙawancen ya dare gida biyu a ƙuri'ar raba-gardama ta 2005 kan sabon tsarin mulki, sannan rikicin zaɓen 2007 ya ci rayuka fiye da 1,000. Wannan yana damuna ƙwarai, domin talakawan da suka yi dogon layi don kawo canji su ne suka kwana a ciki.

A ganina, ƙawancen da ke ɗorewa shi ne wanda ya tsara yadda za a raba iko da yadda za a yi da sojoji tun kafin ranar nasara. A Chile, jam'iyyun da suka kayar da shugaban mulkin soja Augusto Pinochet a ƙuri'ar raba-gardama ta 1988 sun haɗiye abu mai ɗaci, domin ya ci gaba da zama babban hafsan soja har 1998, amma sun riƙe juna, suka yi mulki daga 1990 zuwa 2010, suna rage ƙarfin sojoji sannu a hankali. A Sudan kuwa, gamayyar farar hula ta raba iko da sojoji bayan faɗuwar Umar al-Bashir a 2019, kanta ya rabu, sojojin suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya a watan Oktoba na 2021.