Garin ƙarfe zai iya tsaftace ruwan rini?

Malam, ka tambaya ko garin ƙarfen da masu walda ke sharewa zai kashe launin ruwan rinin da kuke zubarwa. E, yana yi. Idan aka sa ruwan ya yi tsami, wajen lamba 3 a ma'aunin tsami da ake kira pH, aka zuba garin tare da sinadarin haidurojin feroksaid, ƙarfen ne ke zuga sinadarin ya farfasa rinin. Wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya mai suna Fenton ya bayyana wannan haɗi tun 1894.

Ka fara wanke baƙin man da ke jikin garin, ka guji ƙarfe mai fenti ko dalma. Abin da ya fi damuna shi ne a ga ruwa ya washe a ɗauka ya tsarkaka, alhali guba na iya saura. Kai samfur sashen sinadarai na jami'a a auna. Lakar da ta kwanta kuwa, kada ta je gona.