Yarona na son koyon kalangu: ina zan samo masa makaɗi a Kaduna?

Wani ɗan'uwa da ke aikin jinya a Ingila ya rubuto cewa ɗansa mai shekara 12 ya ga bidiyon dambe, kiɗan ya shiga ransa, yanzu ba tukunyar da ta tsira a gidan. Zai kawo shi Tudun Wada hutun makaranta, yana neman wanda zai koya masa a gida.

Malam, abu na farko, cire tunanin allon talla da lambar waya irin na masu koyar da fiyano a can. A wajenmu kiɗa gado ne. Yaro yana tasowa yana bin ubansa gidan biki, a ba shi kuntuku, ƙaramar gangar da ke raka kalangu, ya riƙe, kunnensa ya nuna kafin hannunsa ya faɗa. Saboda haka ta hannun mutane za ka bi. Kalangu tun asali kiɗan mahauta ne da 'yan dambe, ga ka kuwa a Tudun Wada, Zango, inda mayanka take, na kusa da ku. Ka sa ƙaninka ya je ya gai da Sarkin Fawa ko wani dattijon mahauci, ya tambayi wa ke yi musu kiɗa. In ba a dace ba, ma'aikatan sashen Hausa na Rediyon Tarayya Kaduna sun san makaɗa ciki da bai, gidan tun 1962 yake hulɗa da su.

Ba kowane gwani ne ya iya koyarwa ba. Ka nemi mai haƙuri, wanda ya taɓa yaye yara. Ranar farko ka zauna ka gani: ya nuna wa yaron yadda ake rataya kalangu a kafaɗa, a matse tsarkiya, wato igiyoyin jikinsa, da hammata murya ta hau, a sassauta ta sauka? Ko kuwa shi yake ta cashewa yaro na kallo? Kuma kalangu magana yake yi, hawa da saukar muryar Hausa yake bi. Yaron da Hausarsa ta tsaya a “ina kwana” zai buga, amma ba zai ji abin da taken ke faɗa ba. Ni a ganina ribar tafiyar ma a nan take, domin dole ya buɗe baki.

Ka fara shawo kan Hajiya tun kana can. Da wuya ta ji jikanta zai koyi kiɗa ba ta ce “roƙo za ka sa shi?” ba. Ka kira ta da kanka, ka yi mata bayani cikin ladabi, kada ta tsinci zancen a bakin maƙwabta.

Kuɗi kuma, kada ka turo na wata biyu gaba ɗaya. A yi ciniki a gaban shaida, a riƙa biya mako-mako, ban da ɗan goro. A yi darasin a zauren gidanku, da babba a zaune.

Batun takardu: tunda kai ɗan Najeriya ne, tsarin mulkin 1999 ya ba ɗanka 'yancin zama ɗan ƙasa ko a ina aka haife shi. Ka nema masa fasfon Najeriya da wuri, sai da lambar NIN ake yi, in ba haka ba biza za ka saya masa kamar baƙo. In mahaifiyarsa ba za ta zo ba, ka riƙo takardar amincewarta da ta haihuwarsa.

Hutun nasu daga ƙarshen Yuli ne zuwa farkon Satumba, tsakiyar damina ke nan a Kaduna. Danshi na sa fatar kalangu ta saki, za ka ga makaɗin yana kanga ta a rana ko gefen garwashi kafin ya fara. Yaron ya koyi wannan ma, don sanyin Ingila ba zai raga mata ba, sai dai kada ya ɗora ta kan hita ta tsage. Kafin ka sa kalangu a jaka ka bincika ƙa'idar kwastan ɗinsu, fatar dabba ce.

In kun koma, kada ku ce za su buga tare ta bidiyon WhatsApp, jinkirin intanet zai wargaza kiɗan. Makaɗin ya ɗauki take ɗaya a waya ya turo, yaro ya kwana bakwai yana bi, ya mayar masa ya ji.